Liya'u: Tarihin Wata Kalmar Haske Tsakanin Gwandu, Tambuwal da Kebbe

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, kalmomi ma suna da ajali kamar yadda mutane suke da shi. Mutanen Ingila na dauri, tun kafin Normawa su ci ƙasarsu a shekarar 1066, suna da wata kalma, leoma, wadda suke kiran tartsatsin haske da ita: harshen wuta, ko tsirkiyar rana, ko wutsiyar tauraruwa mai wutsiya idan ta keta sama. Mawaƙansu har takobi sukan kira da hasken yaƙi, da wannan kalma, saboda ƙyallin da yake yi in an zare shi. Tushenta ɗaya da kalmar da Ingilishi yake amfani da ita yau ga haske, da kuma ta Latin. A hankali ta sirance ta koma leam, ta maƙale a bakin mutanen karkarar arewacin Ingila da Sikotlan, har ta zama sai a ƙamus ake gamuwa da ita. Da ta tafi, ta tafi da wani bambanci da masu ita suke ji tsakanin haske na kowa da kowa da hasken da yake fitowa daga abu mai ci.

Na kawo wannan ne domin mu ma muna da irinta, kuma tamu ta fi tasu nauyi nesa ba kusa ba, domin a Alƙur'ani take, kuma a bangon littattafan magabatanmu aka rubuta ta. Ita ce kalmar da malaman zaure suke furtawa liya'u, masu tajwidin zamani kuma suke cewa diya'u. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a ƙasar Gwandu ko Tambuwal ko Kebbe ya ji ta, ko da bai tsaya ya tambayi abin da ke cikinta ba.

Mu fara da bakinmu. Bahaushe yana da haske, kuma haske jaka ce mai faɗi: hasken rana, hasken fitila, hasken ido, hasken magana, duk a ciki suke. Yana da farin wata, da walƙiya, da ƙyalli, da sheƙi. Da Musulunci ya zo sai ya ari annuri daga Larabci, ya keɓe shi ga abin da ya fi ƙarfin fitila: annurin fuskar mai tsoron Allah, annurin Annabi (SAW). Ba ka jin an ce annurin tocila. Ya kuma kwashi sunaye ya raɗa wa 'ya'yansa, Nura da Nuraddini da Surajo da Misbahu da Shamsu da Muniru. Amma liya'u bai sauko kasuwa ba. Ya tsaya a tsakanin littattafai, kuma idan malami ya zo fassara shi a karatun zaure sai ya ce haske ya wuce, domin ba shi da wata kalma ta Hausa da ta fi wannan kusa.

Game da lam ɗin da ke farkon liya'u, kada mai karatu ya ɗauka kuskuren tsofaffi ne kawai. Harafin da ake kira lodi a makarantar allo haka ya shigo ƙasar Hausa, kuma shaidarsa tana cikin maganarmu ta kullum: alƙali, alwala, larura, lamiri, farilla, layya, walaha, Rilwanu, Ramalana. Duk waɗannan a Larabci da wannan harafi suke. Sibawaihi, limamin malaman nahawu wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 8 na Miladiyya, ya siffanta mafitarsa da gefen harshe tare da turamen haƙora, wato maƙwabcin mafitar lam. Ko mutanen Sifen, da suka ari kalmar alƙali daga Larabawan Andalus, alcalde suke ce wa magajin gari har yau, da lam a tsakiya. Ke nan kunnen kakanninmu ya kama wani abu na tsohon furuci. Wannan ba ya hana a gyara karatun Alƙur'ani bisa abin da malaman ƙira'a suka karɓo, amma ya kamata ya hana yaro ɗan Islamiyya yi wa kakansa dariya.

To mene ne bambancin liya'u da nuru? A aya ta 5 ta Suratu Yunus, Allah Ta'ala ya ambaci rana da kalmar farko, ya ambaci wata da ta biyu. Malaman tafsiri sun daɗe a kan wannan. Zamakhshari ya tafi a kan cewa liya'u ya fi nuru ƙarfi. Bailawi ya kawo maganar cewa abin da haskensa daga zatinsa yake shi ne na farko, wanda kuwa ya samo shi daga waninsa shi ne na biyu, kamar yadda wata yake aro daga rana. A aya ta 48 ta Suratul Anbiya kuma, da wannan kalma aka siffanta abin da aka bai wa Annabi Musa da Annabi Haruna (AS).

Amma bayanin da ya fi shiga zuciyata shi ne na Ibnu Rajab Alhambali, wanda ya rasu a 1393, a sharhinsa na Arba'una Hadisi. A hadisi na 23, wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Malik Al'ash'ari (RA), an siffanta salla da nuru, sadaka da hujja, haƙuri kuma da liya'u. Ibnu Rajab ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa aka bambanta. Amsar da ya bayar ita ce liya'u haske ne mai haɗe da zafi da ƙuna, irin na rana, nuru kuwa haskakawa ce zalla irin ta wata, ba ta ƙona kowa. Haƙuri yana da wuya ga rai, yana buƙatar a tsare ta daga abin da take so, shi ya sa aka ba shi sunan haske mai zafi. Ya ƙara da cewa shari'ar Annabi Musa an kira ta da wannan suna saboda nauye-nauyen da ke cikinta, ta Annabinmu (SAW) kuwa an fi kiranta nuru saboda sauƙinta. Wannan ba ƙasƙantar da nuru ba ne, ina! Ai Annuru suna ne daga sunayen Allah, kuma akwai sura guda mai wannan suna. Magana ce ta aiki: wani haske yana sanyaya ido, wani yana sa a yi gumi.

Wanda ya tashi a wannan yanki bai buƙatar dogon sharhi a nan. Ya san farin wata na daren goma sha huɗu, lokacin da yara suke dandali, manya suke hira a ƙofar gida. Ya kuma san ranar bazara a kan hanyar Dogondaji ko Jabo, wadda take nuna maka komai sarai amma ba ta barinka ka tsaya.

Da wannan a zuciya sai mu dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, wanda aka haifa wajen 1766 ya rasu a Gwandu a 1829. Littattafansa fiye da goma da wannan kalma sunansu ya fara: Liya'ul Hukkami, Liya'us Sulɗani, Liya'us Siyasati, Liya'u Ulil Amri wal Mujahidina, Liya'u Ahlil Ihtisabi, da babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, da wasunsu. Mutumin da ya wallafa dogayen littattafai a nahawu da sarfu, wanda ake yi wa laƙabi da Balaraben Sudan saboda ƙwarewarsa a harshen, ba zai ɗauki kalma ɗaya ya yi ta maimaita ta shekara da shekaru da ka ba. Kuma in ka lura, mafi yawan littattafan nan ga masu iko aka nufa da su: alƙalai, sarakuna, shugabannin yaƙi, masu hisba.

Tarihin na farkonsu a wannan fanni ya isa ya nuna irin hasken da ake nufi. Malam Abdullahi shi ya ja rundunar Jama'a a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, 'yan watanni bayan hijira zuwa Gudu. Shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. A wannan shekarar Shehu ya sauka Gwandu, kuma kafin ƙarshenta aka yi yaƙin Alwasa, inda Jama'a ta sha kashi mai tsanani. Kafin wannan yaƙi rundunar ta washe garin Kwalde, wanda ba ya gaba da ita, shugabanni suka hana ba a saurare su ba. Malam Abdullahi ya ga wannan da idonsa. Ya ga malamai da mahaddata, abokan tafiyar farko, suna ƙarewa a fagen fama, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu yana ga muƙami da dawaki da tufafi da ganima. Shi da kansa ya ba da wannan labari a Tazyinul Waraƙati. Wajen 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, sai ya sulale ya bar runduna, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba da niyyar dawowa ba.

A Kano aka tare shi. Mutanen garin suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya gaya musu abin da ya gudo ya bari shi ya tarar a wurinsu. Duk da haka ya zauna, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, wanda ya tattara hukuncin hijira, da naɗa shugaba da waziri da alƙali da sauran ma'aikata, da jihadi, da siyasar shari'a, da aikin hajji. Ya ba da labarin cewa sun karɓi wa'azin har suka farfasa kayan kiɗa, suka mai da itacen gangunansu mazubin abincin dawaki. Daga nan ya fasa tafiyar ya koma gida. Littafin da aka rubuta a irin wannan hali, da hannun mutumin da zuciyarsa ta ƙuna da abin da 'yan'uwansa suka zama, ba farin wata ba ne.

A nan ne kwatanci da yayansa yake da daɗi. Shehu Usmanu, wanda ake yi wa laƙabi da Nuruz Zamani, shi ma ya cika sunayen littattafansa da haske, amma ya bi dukkan fitilun sama da ƙasa: Nurul Albabi, Sirajul Ikhwani, Misbahu Ahliz Zamani, Najmul Ikhwani, Shamsul Ikhwani. Kada a ce Shehu bai iya zafi ba. Wanda ya karanta yadda ya yi wa malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci faɗa a Nurul Albabi ya san ya iya. Sai dai bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da mulki ya tabbata, Shehu ya karkata ga sassautawa a abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Yana ganin jama'a ta yi yawa, ta haɗa kowane irin mutum, kuma ba a tsananta wa mutane a kan mas'alar da wani malami abin dogaro ya halatta. Malam Abdullahi bai bi shi a kan wannan duka ba. A Liya'us Sulɗani, wanda ya rubuta a 1812, ya fito fili ya saɓa wa ra'ayoyin yayansa kuma malaminsa a kan kaɗa ganguna, da sanya tufafin ado da zinariya ga shugabanni, da kiran shugaban Musulmi da laƙabin sarauta irin ta mulukiyya. Tsoronsa a bayyane yake: ƙofar da aka buɗe da sunan rangwame, ta nan tsohuwar sarautar da aka yaƙa za ta dawo ta zauna.

Shehu ya mayar da jawabi a Najmul Ikhwani a wannan shekarar, kuma yadda ya mayar abin koyi ne. Bai hana a karanta ƙaninsa ba. Maimakon haka ya umarci almajirai su riƙi littattafan Abdullahi domin ya fi tsayawa a kan zahirin shari'a, su riƙi na Muhammadu Bello domin ya fi kula da ilmin siyasar al'umma, su riƙi nasa domin yana kula da ɓangarorin biyu. A ganina wannan shi ne wuri mafi kyau a tarihin saɓanin malamai a ƙasarmu, kuma abin takaici ne yadda masu wa'azinmu suka fi son labarin karamomi a kansa.

Ina Tambuwal da Kebbe a cikin wannan? Suna tsakiyarsa. Yau iyakar jiha ta raba: tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, Gwandu ta faɗa can, Tambuwal da Kebbe suka zauna a kudancin Jihar Sakkwato. Amma daga Tambuwal zuwa Gwandu tafiya ce kaɗan, alhali zuwa birnin Sakkwato kusan kilomita 100 ne. A 1812, da Shehu ya raba kula da ƙasa yana zaune a Sifawa, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, Aliyu Jeɗo ya riƙe arewa, kudu kuma aka danƙa ta ga mutum biyu: ɗansa Muhammadu Buhari, da Malam Abdussalami. Buhari ɗan Shehu, malami kuma mawaƙi da Larabci, wanda ya tashi a hannun baffansa Abdullahi, shi ne ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe sarautar garin. Daga nan ake tsaron hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu, ana fuskantar Kabawa ta yamma, da ƙasashen Gulbin Zamfara ta kudu da gabas, inda Kebbe take. Ke nan mutanen da suka riƙe wannan yanki tun farko su ne ainihin waɗanda Malam Abdullahi yake rubuta wa: amirin ribaɗi, alƙalin gari, mai karɓar zakka, mai raba ganima. Tambayar ko shugaba zai karɓi kyauta daga talakansa, ko za a kaɗa masa tambari, ko wane irin haraji ya halatta, a irin waɗannan garuruwa take zama abin yau da gobe.

Kuma a wannan yanki ne aka jarrabi mai littattafan da ma'anar da hadisi ya ba kalmar. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Malam Abdullahi, wanda ya fi kowa girma da ilmi a cikin waɗanda suka rage, ya taho daga Boɗinga ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya ya koma, daga bisani ya tare a Gwandu. Yana da mabiya, yana da mayaƙa, yana da hujjar da zai iya kafawa. Bai ɗaga tuta ba. A cikin wannan shekarar Abdussalami ya yi tawaye a Kware, yana kukan an tauye masa rabo kuma an bar adalci, aka ci garinsa a farkon 1818, ya rasu da raunin da ya samu. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu suka yi wa Malam Abdullahi tsaye, har ya kasa shawo kansu. Wajen 1820 Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa aka ci garin. Labarin da aka gada shi ne, da suka haɗu a kan dawakai Bello ya yunƙura zai sauka domin girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Shekara uku ke nan yana ɗauke da abin a ransa. Ɗan Abdussalami, wanda shi ma sunansa Buhari (kada a haɗa shi da na Tambuwal), daga baya ya yi biyayya ga Gwandu ya kafa Jega, wadda ta zama babbar kasuwar wannan yanki.

Tafsirinsa kuwa, Liya'ut Tawili fi Ma'anit Tanzili, ya gama shi wajen 1816, kafin rasuwar Shehu, ya dogara a ciki ga Bailawi da Jalalaini da Ibnul Arabi mai Ahkamul Ƙur'ani da wasunsu, yana kula da ƙira'a da nahawu da hukunci bisa mazhabar Malikiyya. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya taƙaita shi a wani littafin, Kifayatu Lu'afa'is Sudani, bisa ruwayar Warshu da mutanen ƙasar suke karatu da ita. Kusan shekara 145 babban tafsirin yana yawo a rubutun hannu, daga gafakar wannan malami zuwa ta wancan, kafin a buga shi a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi 4. A tuna da irin hasken da aka kwafe shi a ƙarƙashinsa: fitilar aci-balbal da lagwanin auduga da man gyaɗa, ga masu hali. Almajirai kuwa kara da kirare suke tarowa da yamma, a hura wuta a tsakiyar fili, su kewaye ta da alluna. Wanda ya matsa kusa domin ya ga baƙi da kyau shi ne wanda wuta ta fi gasawa, wanda ya ja baya domin ya huta kuma rubutu ya ɓace masa. Fitilar ƙwai da kananzir sun zo daga baya, sannan lantarki, yanzu ga sola a kan rufin masallatai.

Abin da yake damuna shi ne yadda muka yi da waɗannan littattafai. Muna ambaton sunayensu a taron lacca, muna sanya sunan mai su ga makarantu da tituna, muna fassara Liya'ul Hukkami da Hasken Mahukunta, sai ya yi daɗin ji kamar kirari. Wanda ya buɗe shi kuwa zai tarar da sharuɗɗan da ake nema ga wanda za a ba amanar jama'a, da iyakar abin da ya halatta ya taɓa daga baitulmali, da wajabcin ya riƙa binciken ma'aikatansa, ya kuma buɗe ƙofarsa ga mai kuka. Yankin nan ya fitar da masu mulki manya, har da wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai ta Tarayya daga 2011 zuwa 2015 yana wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal. Ban ambaci wannan don yabo ko suka ba. Na ambace shi ne domin a ga cewa waɗanda littafin yake magana da su ba su ƙare ba, daga kansila har hakimi har shugaban ƙungiyar masallaci, kuma da wuya ka ji an karanta shi baƙi da fassara a gabansu yadda ake karanta Ishiriniya ko Ashafa.

Kalmar ita kanta tana nan da rai, amma ta wata ƙofa ta sake shigowa. A shekarun da Janar Muhammad Ziya'ul Haƙ yake mulkin Pakistan, daga 1977 zuwa rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1988, sunansa ya yi ta zuwa ta rediyo, iyaye da dama a ƙasar Hausa suka raɗa wa 'ya'yansu shi. Mutanen Pakistan, kamar Farisawa da Turkawa, da zayin suke furta wannan harafi. Shi ya sa yau za ka iya samun gida ɗaya a Tambuwal inda kaka yake cewa Liya'u in ya ɗauko littafin Malam Abdullahi, ɗansa da ya yi karatu a Madina yake cewa Diya'u, jikan kuma da ake aike kasuwa sunansa Ziya'u. Allah ya jiƙan Shehu da Malam Abdullahi da Bello da Buhari, ya haskaka makwancinsu, amin.